Yadda Ottmar Ya Yi Ta Neman A Ƙi Ɗansa

A lambunan haya na bayan layin dogo, a garin Bottrop, babu wanda ya taɓa jin Ottmar Brinkschulte ya ce bai sani ba. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana duba tikiti a bas-bas ɗin gari yana cin tarar masu hawa kyauta, daga nan ya ɗauka cewa tsakaninsa da alƙali riga ce kawai. Da ya yi ritaya aka ba shi sakataren ƙungiyar masu lambu, saboda ba mai so. Shinge ɗaya ne ya raba lambun da nake haya da nasa, kuma shingen bai taɓa tare muryarsa ba.

Ɗansa Malte ya gama makaranta a bazarar nan, shekararsa goma sha tara, dogo, marar hayaniya. Tun yana ƙarami abu ɗaya yake so ya zama: mai sharar bututun hayaƙi. Wadda ke da aikin a unguwarmu, Henrike Sandkühler, ɗan koyo ɗaya take ɗauka, sai ya gama shekarunsa uku ta ɗauki wani, kuma gurbin zai buɗe a watan Agusta. In ya wuce Malte, ya wuce ke nan.

Dokar kuɗin yara kuwa ba ta da wuya. Gwamnati na biyan iyaye duk wata har yaro ya cika sha takwas. Bayan nan ana ci gaba da biya zuwa ashirin da biyar in yaron yana neman gurbin koyon sana'a da gaske bai samu ba, haka kuma in ya samu yana koyo. Ottmar ya karanta rabin farko na jimlar, ya rufe littafin, ya fito da sauri don ya sanar da jama'a.

A bakin famfon lambu ya same mu ranar Asabar.

"Na gano musu," in ji shi. "Muddin yaro yana nema, suna biya. Ran da ya samu, sun yanke. To Malte zai yi ta nema har ya cika ashirin da biyar, kuma ba zai samu ba. Abin da nake buƙata takardun ƙi ne kawai, in riƙa nuna wa ofis. Kafin nan ga yaro a gida yana gina min rumfa."

Kalle Wischnewski, tsohon mai haƙar kwal da ke lambun da ke kallon namu, ya ajiye bokitinsa. Shi ya laƙa wa Ottmar sunan Alƙali.

"Alƙali, wato yaron zai yi shekara shida yana faɗuwa da gangan?"

"Ba faɗuwa ba ne. Tsari ne."

"Amma ni fa 'yata tana koyon gyaran gashi," in ji Frau Kaczmarek, mai lambun kusurwa, "kuma har yau kuɗin na shigowa."

Ottmar ya dube ta da tausayi. "Kuskure suka yi. Kar ki taɓa ko sisi, za su zo su karɓi abinsu."

Matar ta tafi gida fuska a ɓace. Gudrun, matar Ottmar, ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata yatsa irin yadda yake ɗaga wa fasinja mai neman kawo uzuri. Malte dai cewa ya yi, a hankali, shi wajen Frau Sandkühler yake so.

"Za ka je," in ji uban. "Nan da shekara shida."

Gidan burodin Tewes aka fara. An ce yaron ya zo gwaji kafin gari ya waye. Ottmar ya ɓoye agogon da ke tada shi, ya sa masa takalmin lambu da taɓonsa, suka isa wajen hantsi. Shi kuwa ya ɗaura nektaye, don a ga bambanci. Kalle ya bi su, wai burodi ya ƙare masa, kuma daga bakinsa muka ji yadda aka yi.

Tewes ya fito daga ciki yana goge hannu, ya tsaya yana kallon Malte.

"Kai ne yaron? Da ƙafarka ka zo?"

"Ya makara," in ji Ottmar. "Halinsa ne."

"Ukun da na kira kafin shi ba su zo ba ma. Ɗaya hoton hannu ya turo min ta waya yana min bai-bai."

"Bai iya tashin asuba ba."

"Ni ma ban iya ba, kuma ga furfura."

"Hannunsa kamar an shafa masa mai. Komai ya riƙe sai ya faɗi. Bai gado ni ba. Ni in na ga inji sau ɗaya, shi ke nan." Ya wuce ciki ba a gayyace shi ba, ya sunkuya kan injin kwaɓa fulawa yana juyawa, don ya nuna wa Tewes inda ya kamata a ƙara ruwa. Injin ya karɓi nektayen. Ya ja shi a hankali, cikin ladabi, har hancin Ottmar ya taɓa ƙullu. Malte ya miƙa dogon hannunsa ta saman kan uban ya danna jan maɓallin.

Tewes ya yanke nektayen da almakashi, bai ko dubi mai shi ba.

"Ka ga yadda ya nemo maɓallin? Ɗan koyona na bara wata uku ya yi bai san akwai shi ba. Yaro, Agusta ka fara."

Ottmar ya dawo gida da guntun nektaye a wuya da jakar burodi kyauta. Da yamma ya buga waya ya ce fulawa na sa yaron atishawa.

"Alƙali, ina takardar?" Kalle ya tambaya ta saman shinge.

"Mai burodi ba shi da tsari. Gobe wajen mahauci za mu."

Rademacher mahauci mutum ne mai faɗi, wanda ke magana da wuƙa a hannu ba tare da nufin komai ba. Shagon cike yake, har Frau Kaczmarek na cikin layi.

"Gara in faɗa maka gaskiya," in ji Ottmar. "Yaron nan ba ya cin nama."

"Baba, jiya soseji uku na ci."

"Ka daina daga yau."

"Madalla," in ji Rademacher. "Wanda na sallama, rabin ribata a cikinsa ta ƙare."

"Kuma in ya ga jini suma yake yi. Zuciyar uwarsa ya ɗauko. Ni a soja da hannuna nake ɗinke mutane."

"To mu shiga ciki mu gani."

Suka shiga. A daidai lokacin wani ma'aikaci ya turo rabin alade a ƙugiya, ya taho a kan dogon ƙarfen rufi yana lilo, ya tsaya gab da fuskar Ottmar da ido ɗaya a buɗe. Ottmar ya ce yana ganin an cika sanyi a ɗakin, sannan ya sulale. Malte ya saɓa shi a kafaɗa, ya ratsa layin masu saye da shi, ya shimfiɗe shi a kan bencin waje. Frau Kaczmarek ta yi masa fifita da takardar farashi.

Rademacher ya biyo su har ƙofa yana auna Ottmar da ido.

"Wannan ya kai kilo casa'in. Wanda ya ɗauke shi bai yi nishi ba zai ɗauki cinyar sa. Yaro, yaushe za ka fara?"

Haka aka yi ta yi. Garin ya rasa 'yan koyo, kowane mai sana'a kamar ya tare hanya ya kama na kamawa. Mai fenti ya ji an ce yaron ba ya bambance launi, ya ce ai mutanen yanzu fari kawai suke so. Mai gyaran famfo bai bari Ottmar ya gama lissafa aibobin ba, ya miƙa wa Malte makullin mota. Mai shirya jana'iza ya dubi fuskar Malte, wadda a lokacin ta gama kwaɓewa, ya ce tun da ya gaji sana'ar bai ga fuskar da ta dace da ita haka ba. Kowane ya ce a zo, kowane kuma da yamma ya sami wayar Ottmar da sabon ciwo. Cikin 'yan makonni Malte ya yi ciwon baya, ciwon kunne, da tsoron gawa.

Masu sana'a kuwa suna haɗuwa, kuma suna hira. Suna ya fita: ɗan Brinkschulte, a ɗauke shi ya ƙi zuwa. Maganar ta kai kunnen Henrike Sandkühler. Da Malte ya je wajenta a ɓoye, da sanin uwarsa kaɗai, ta ce masa ta ji labarinsa daga mutum biyar, kuma akwai wata yarinya daga Gladbeck da ke son gurbin. Ta ce za ta ba shi rana ɗaya ta gwaji, in aiki ya taso za ta kira.

Aikin ya taso ran bikin bazara na ƙungiya. Da safe aka hura murhun ɗakin taro don dafa miyar wake ta jama'a, hayaƙi ya ƙi fita ta sama, ya dawo ya kori masu girki. Hankaki ne suka bar tsohuwar sheƙa a cikin bututun. Tun watanni baya ya kamata a share shi, sakatare ya ɗage ranar sau biyu, ya ce da ido ya duba lafiya lau. Gudrun ce ta buga wa Henrike waya.

Filin ya cika. 'Yan badujala na gefe suna gwada ƙahonninsu, Rademacher na gasa soseji, Tewes ya kawo burodi. Ottmar ne mai gabatarwa, an maƙala masa ƙaramin makirufo a kunne wanda ya zagayo bakinsa, yana yawo yana sanar da wanda kabejinsa ya fi girma. Sai ga Henrike ta shigo cikin baƙaƙen kayan aikinta masu maɓallan zinariya, da doguwar baƙar hula, tsani a kafaɗa. Nan da nan tsofaffi da yara suka yi kanta, kowa na son ya murza maɓalli ɗaya don ya sami sa'a, ita kuwa ta tsaya kamar mai jiran a gama caje ta a filin jirgi. A bayanta wani dogon yaro ne cikin baƙar rigar aro wadda hannunta bai kai masa wuyan hannu ba, ɗauke da igiya da burushi.

Ottmar ya tsaya a tsakiyar sunan mai kabeji.

Kafin ya ratso jama'a, su biyun sun hau. Ya kama tsanin.

"Alƙali, ina zuwa?" in ji Kalle. "Rufin nan da tsayi fa."

"Ni da na hau duwatsun kudu da jaka a baya? Matsa."

Ya hau da sauri, ido a sama. Bai tuna da abin da ke kunnensa ba. Kalle ya tuna. Ya je wajen na'urar lasifika ya ƙara murya, ya ɗaga wa 'yan badujala hannu su dakata.

"Frau Sandkühler," in ji lasifika huɗu a lokaci guda, cikin raɗa, "magana ce tsakanina da ke, kar kowa ya ji."

Filin ya yi tsit. Rademacher ya rage wutar gashi.

"Herr Brinkschulte, ba a hawa rufin da nake aiki."

"Minti ɗaya. Yaron nan ba zai yi miki amfani ba. Tsoron bisa gare shi. Tun yana ƙarami in aka ɗora shi a kujera sai kuka."

A lokacin Malte na tafiya a kan ƙoƙuwar rufin, igiya a hannu, kamar mai zuwa sayen madara.

"Na gani," in ji Henrike.

"Daurewa yake yi. Abin da nake so layi biyu ne: mun gwada shi, bai dace ba. Ina da zuma ta lambuna, kwalba shida. Da 'ya'yan itace in sun nuna."

"Zuma za ka ba ni in rubuta wa ofishin gwamnati ƙarya?"

"Ba ƙarya ba ce, tsari ne." Ya kwashe tsarin duka ya faɗa mata, tun daga agogo har ciwon kunne, da ɗan alfahari a muryarsa, domin ya daɗe yana neman wanda zai yaba. A ƙasa Tewes ya dubi Rademacher, Rademacher ya dubi mai fenti.

Henrike ta juya wajen Malte. Muryarta ta shiga makirufon sarai.

"Aikinka ya yi min. Amma ba na ɗaukar ɗan koyo da ubansa a maƙale. Mu gama wannan, in kira yarinyar Gladbeck."

"Yauwa," in ji Ottmar da murna. "A rubuce za ki sa?" Ya juya don ya sauka, sai ya dubi ƙasa. A karon farko ke nan.

Abin da ya fito ta lasifika ba kalma ba ce. Ya durƙusa, ya rarrafa, ya rungume bututun hannu biyu da ƙafa biyu, ya kifa fuskarsa a bakinsa don kar ya sake ganin ƙasa. Daidai nan dunƙulen ƙarfen da Malte ya zura da igiya cikin bututun ya fasa sheƙar. Hanya ta buɗe, iskar ɗumi da ta taru a ƙasa tun safe ta taso da kunkunniyar shekara biyu, duk ta sauka a wuri ɗaya.

Wani daga cikin 'yan badujala ya kasa riƙewa, dariyarsa ta fita ta ƙaho.

"A kira 'yan kwana-kwana," in ji Ottmar yana tari. "Malte. Malte, ɗana. Kana ina?"

"Ga ni, Baba."

"Sauko da ni."

Malte ya naɗe igiyarsa tsaf, ya tsuguna kusa da uban. Ya dubi makirufon, ya dubi jama'a, ya ɗan gyara shi ya matso bakin Ottmar sosai.

"Zan sauko da kai. Amma tukuna, Baba, ina tsoron bisa?"

"Wannan lokacin tambaya ne?"

"Ina tsoro?"

"Ba ka tsoro."

"Fulawa na sa ni atishawa?"

"A'a."

"Wa ya suma a wajen Herr Rademacher?"

"Sanyi ne ya yi yawa a ɗakin."

Malte ya miƙe kamar zai tafi.

"Ni ne. Ni na suma. Aladen kallona yake yi."

"Wa ya buga wa mutanen nan waya ya ce ba na zuwa?"

"Ni ne, duka ni ne. Yaron bai taɓa ƙin aiki ba. Ya fi ni hankali, ya fi ni hannu, uwarsa ya biyo. Yanzu don Allah."

Malte ya ɗaura masa igiya a ƙugu, ya ɓamɓare yatsunsa daga jikin bututun ɗaya bayan ɗaya, ya sauka gabansa, yana kama ƙafarsa yana ɗora masa ita a kan kowane mataki, yana ce masa ya kalli bango kawai. Henrike ta tsaya a bakin rufi, hannu a ƙugu, tana kallon yadda yaron ya ɗaure igiyar. A bayanta hayaƙin miyar wake ya fara tashi sama sak.

Da ƙafar Ottmar ta taɓa ƙasa, ba abin da ke fari a jikinsa sai ido. 'Yan badujala suka kama kiɗan da suke yi wa wanda ya ci gasar kabeji. Yara suka ga baƙin mutum ya sauko daga rufi, suka yi kansa suna murza maɓallan rigarsa. Frau Kaczmarek ta ture su ta lakato kunkunniya daga hannun rigar ta shafa a goshinta.

"Bari in samu sa'ar nan, ko ofis za su bar min kuɗina."

"Wane ofis?" in ji Henrike, wadda ta sauko tana kaɗe hula. "Ɗan koyona da zai gama yanzu, har watan nan ana biyan uwarsa. Kowa ana biyansa. Ba a yankewa don yaro ya sami wurin koyo."

"Abin da nake ta son in faɗa ke nan tun ranar nan a bakin famfo," in ji Gudrun. Ta ɗaga wa mijinta yatsa, ta riƙe shi a sama.

Ottmar ya tofar da baƙin yawu ya gyara tsayuwa.

"Ai na sani. Gwada yaron nake yi in ga ko da gaske yake so. Kun dai ga sakamako."

Henrike ba ta kula shi ba. Ta miƙa wa Malte hannu.

"Ƙullin igiyarka ya yi. Wanda ya sauko da wannan zai sauko da komai. Farkon Agusta. Zan sa a ɗinka maka riga daidai kai."

Malte ya riƙe hannun ya kasa sakinsa, kunnuwansa suka yi ja ta cikin baƙin.

"Ranar farko zan rako shi," in ji Ottmar, har yanzu ta lasifika huɗu. "Akwai 'yan dabaru na hawan rufi da zan nuna muku."

"Kai kam na gwada ka, ba ka dace ba," in ji Henrike. "In kana so a rubuce, zan rubuta maka."

"Alƙali," in ji Kalle, "ga takardarka ta samu."

Ottmar ya yi ɗan tunani, yana goge ido da bayan hannu, baƙin na ƙara yaɗuwa.

"A buga mata hatimi," in ji shi. "Ba sa karɓa in babu hatimi."